Yadda Ake Kare Gadar Kogi Daga Zaizayar Ruwa

Gabatarwa

Ya ku ɗalibai, da yawa daga cikinku sun taɓa ƙetare babban kogi a cikin mota. Wasunku sun bi ta kan gadar da ta haɗa Asaba da Anacha, wadda aka gama a shekarar 1965. Wasu kuma sun bi ta kan sabuwar gadar da ke kusa da ita, wadda aka fara buɗe wa motoci a watan Disamba na 2022. Akwai waɗanda suka san gadojin Makurɗi a kan Kogin Binuwai, inda tsohuwar gadar jirgin ƙasa take tsaye tun shekarar 1932. Duk wanda yake kan irin wannan gada, abin da yake gani shi ne kwalta da ƙarafa da ruwa yana wucewa. Abin da yake riƙe da gadar kuwa yana can ƙarƙashin ruwa, a cikin yashi da laka da dutse, inda ido ba ya kaiwa.

A wannan darasi za ku koyi abu ɗaya muhimmi: ƙarfin gada yana ga ƙasar da ginshiƙanta suke tsaye a kai. Idan ruwa ya kwashe ƙasar nan, gada tana iya faɗuwa ko da ƙarfenta bai yi tsatsa ba, kankarenta kuma bai tsage ba. Wannan kwashewar ƙasa ita ake kira zaizayar gindin gada. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa fiye da rabin gadojin da suka rushe a ƙasar, ruwa ne sanadin rushewarsu. Za mu duba yadda ruwa yake yin wannan ɓarna, da dabarun da injiniyoyi suke bi don hana ta, da kuma abin da ya rataya a wuyan jama'a.

Sassan Gada

Kafin mu shiga bayani, ya kamata ku san sassan gada guda huɗu. Na farko shi ne doron gada, wato shimfiɗar da motoci da mutane suke bi ta kanta. Na biyu su ne ginshiƙai, waɗanda suke tsaye a cikin kogi suna ɗauke da doron. Na uku su ne madogarai biyu, ɗaya a kowace gaɓa, inda gada take haɗuwa da hanya. Na huɗu shi ne tushe, wato ɓangaren da aka binne a ƙarƙashin kowane ginshiƙi da kowace madogara.

Tushe iri biyu ne. Akwai mai faɗi marar zurfi, wanda yake zaune a kan ƙasa mai tauri ko a kan dutse. Akwai kuma mai zurfi, wanda ake yi da dogayen turaku na ƙarfe ko na kankare. Ana kafa turakun nan cikin ƙasa kamar yadda ake kafa turken dabba, sai dai su tsawonsu yakan kai mita da yawa.

Ku lura da yadda nauyi yake sauka. Mota tana danne doro, doro yana danne ginshiƙi, ginshiƙi yana danne tushe, tushe kuma yana danne ƙasa. Ƙasa ce take ɗauke da nauyin duka. In ta gushe, sauran ba su da abin dogaro.

Yadda Ruwa Yake Ƙwaƙule Ƙasa

Ruwa abu ne mai nauyi. Nauyin lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, saboda haka tankin lita 1,000 yana ɗauke da tan ɗaya. Idan ruwa mai irin wannan nauyi yana gudu, yana ture duk abin da ya tarar, yana kuma ɗauke yashi da tsakuwa daga ƙasan kogi. Masana sun gano cewa idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, nauyin dutsen da zai iya turawa yakan ninka kimanin sau 64. Wato ruwan da a da yake gangara da dutse mai kilo 1, yanzu zai iya gangara da mai kilo 64. Ku riƙe wannan lissafi, domin za mu sake buƙatarsa. Akwai hanyoyi uku da ruwa yake bi ya ƙwaƙule gindin gada.

Hanya ta farko ita ce haƙa rami a gindin ginshiƙi. Idan ruwa mai gudu ya yi karo da ginshiƙi, ba shi da hanyar ratsa shi. Wani sashe yana bi ta dama, wani ta hagu, wani kuma yana nutsawa ƙasa a jikin ginshiƙin. Ku tuna da ramin da ruwan indararo yake haƙawa a gindin bango da damina. Haka wannan ruwa mai nutsawa yake yi wa ƙasan kogi. Da ya kai ƙasa, sai ya riƙa juyawa kamar guguwa, yana zagaye ginshiƙin ta gaba da gefe biyu, da siffar kofaton doki. A bayan ginshiƙin kuma wasu ƙananan guguwoyin ruwa suna ɗaga yashin da aka tono, igiyar ruwa tana tafiya da shi.

Zurfin ramin ya danganta da faɗin ginshiƙi. A kogi mai yashi, ramin yakan kai ninki biyu na faɗin ginshiƙin, wani lokaci ma ya wuce haka. Misali, ginshiƙi mai faɗin mita 2 yana iya samun rami mai zurfin mita 4 a gindinsa. Idan zurfin tushensa mita 3 ne kawai, kun ga ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ke nan. Bugu da ƙari, itatuwa da ciyayi da shara sukan maƙale a jikin ginshiƙi. Tarin nan yana ƙara masa faɗi a gaban ruwa, ramin kuma sai ya ƙara zurfi.

Hanya ta biyu ita ce ƙuntata kogi. Doguwar gada tana da tsada, don haka wani lokaci akan cike gefen kogi da ƙasa, a gina gajeriyar gada a tsakiya. Amma yawan ruwan da zai wuce bai ragu ba. Idan kun danne bakin tiyo da yatsa, ruwa yana fita da ƙarfi fiye da da. Haka nan idan aka matse kogi mai faɗin mita 100 ya koma mita 50, gudun ruwan zai kusan ninka sau biyu a ƙarƙashin gadar. Daga lissafin da muka yi a baya, kun san abin da ruwa mai wannan gudu zai iya ɗauka. Sai ya share ƙasan kogi daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya kuma ci gindin madogarai.

Hanya ta uku ita ce zurfafar kogin gaba ɗaya. A bisa al'ada, kogi yana kwashe yashi daga wuri, yana kuma kawo wani daga sama ya maye gurbinsa. Abubuwa biyu sukan ɓata wannan daidaito. Na ɗaya, haƙar yashi: idan aka haƙa babban rami kusa da gada, kogi zai cike shi da yashin da ya ɗebo daga kewaye, har da na gindin ginshiƙai. Na biyu, madatsar ruwa, irin ta Kainji da aka gama a 1968 a kan Kogin Neja. Madatsa tana tare yashi a bayanta. Ruwan da ya fito daga cikinta ba ya ɗauke da yashi sosai, saboda haka yana ɗiba daga ƙasan kogin da ke gabansa. Har ila yau, kogi yakan sauya hanya sannu a hankali, yana cin gaɓa ɗaya yana tara yashi a ɗayar, har ya zagayo ta bayan madogara ya yanke hanya.

Haɗarin da Ba Ya Ganuwa

Abin da ya sa wannan zaizaya ta fi ban tsoro shi ne ɓoyewarta. Ramin yana kaiwa iyakar zurfinsa ne a tsakiyar ambaliya. A lokacin nan ruwa ya yi ja da laka, yana gudu da ƙarfi, babu mai iya nutsawa ya duba. Idan ambaliya ta fara janyewa, gudun ruwa yana raguwa, sai yashi ya sake kwantawa ya cike ramin. Wanda ya zo dubawa da rani zai ga ƙasa a shimfiɗe, ya ɗauka lafiya lau ne. Alhali kuwa sabon yashin nan sako-sako ne, ba ya riƙe tushe kamar ƙasar asali, kuma ambaliya ta gaba za ta kwashe shi cikin ɗan lokaci.

A ƙasa mai yashi, rami yana iya kaiwa cikakken zurfinsa a ambaliya ɗaya. A ƙasa mai yumɓu kuwa, aikin yakan ɗauki shekaru, kowace damina tana cin nata rabo. Shi ya sa gadar da ta tsaya shekara talatin tana iya faɗuwa cikin minti kaɗan.

Darussa Daga Gadojin da Suka Faɗi

Misalai biyu daga ƙasashen waje za su nuna muku gaskiyar wannan bayani. Na farko ya faru ne a Jihar New York ta Amurka. A ranar 5 ga Afrilu, 1987, gadar babbar hanya da ke kan rafin Schoharie ta rufta a lokacin ambaliya. Motoci biyar suka faɗa ruwa, mutum 10 suka rasu. An buɗe gadar ne a 1954, wato shekararta 33 kawai. Masu bincike sun gano cewa tushen ginshiƙanta marar zurfi ne, babu turaku a ƙarƙashinsa. An zuba manyan duwatsu a kewayen ginshiƙan don kariya, amma ruwa ya yi ta kwashe su shekara da shekaru ba a mayar da wasu ba. Bayan wannan haɗari, hukumomin Amurka suka tsaurara dokar duba gindin gadoji a ƙarƙashin ruwa.

Na biyu ya faru ne a ƙasar Fotugal ta nahiyar Turai. A daren 4 ga Maris, 2001, wata tsohuwar gada a kan Kogin Douro ta karye bayan ruwan sama mai yawa. Wata babbar motar fasinja da ƙananan motoci uku suka faɗa kogin, mutum 59 suka rasa rayukansu. Ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne haƙar yashi da aka daɗe ana yi a kogin, wadda ta sa ƙasansa ya yi zurfi har tushen ginshiƙi ya rasa abin riƙo.

A nan gida Nijeriya ma, mun san abin da karyewar gada take jawowa. A watan Yuni na 2017, ruwan sama mai ƙarfi ya karya gadar Tatabu a kan hanyar Mokwa zuwa Jebba, a Jihar Neja. Hanyar nan ce take haɗa arewa da kudu maso yamma. Manyan motoci masu ɗauke da abinci da dabbobi da mai suka tsaya cik, matafiya kuma suka koma bin dogayen hanyoyi. Idan gada ɗaya ta karye, manomi ba ya kai amfanin gonarsa kasuwa, majinyaci ba ya isa asibiti da wuri, ɗalibi kuma ba ya zuwa makaranta.

Dabarun Kare Gada

Hausawa suna cewa, tun ran gini ran zane. Kariyar da ta fi inganci ita ce wadda aka yi tun lokacin tsara gada.

Dabara ta farko ita ce zurfafa tushe. Kafin a fara gini, injiniyoyi suna huda ƙasan kogi su ciro samfurin ƙasa, don su san inda yashi ya ƙare da inda ƙasa mai tauri ko dutse ya fara. Suna kuma nazarin tarihin ambaliyar kogin. Sau da yawa sukan yi lissafi da babbar ambaliyar da ake kira ta shekara 100. Ma'anar wannan ita ce, a kowace shekara yiwuwar zuwanta kashi 1 ne cikin 100. Daga nan sai su ƙiyasta zurfin ramin da irin wannan ambaliya za ta haƙa, su kai tushe ƙasa da shi sosai. Gadar Padma ta ƙasar Bangaladash misali ce mai kyau. An buɗe ta a 2022, tsawonta ya ɗan wuce kilomita 6. Da yake ƙasan kogin yashi ne mai laushi, sai da aka kafa turakun ƙarfe masu zurfin fiye da mita 100.

Dabara ta biyu ita ce zaɓen wuri da siffa. An fi son a gina gada inda kogi ya miƙe, domin a kan kwana ruwa yana cin gaɓar waje. Ana barin isasshiyar hanya a ƙarƙashin gada don kada a matse ruwa. Ana rage yawan ginshiƙan da ke cikin kogi gwargwadon iko. Goshin ginshiƙi kuma ana yin sa da zagaye ko da tsini kamar goshin kwalekwale, don ya raba ruwa cikin sauƙi. Dole ne ginshiƙi ya fuskanci igiyar ruwa sosai. In ya ba ta gefe, faɗin da ruwa yake bugu ya ƙaru, rami kuma zai ƙara zurfi.

Dabara ta uku ita ce jibge manyan duwatsu a kewayen ginshiƙi da madogara. Wannan ita ce aka fi amfani da ita wajen kare tsofaffin gadoji. Amma aikin yana da ƙa'idoji. Dole ne duwatsun su yi nauyin da ruwan ambaliya ba zai iya turawa ba. An fi son fasassun duwatsu masu kusurwa, domin suna kama juna, su kuwa masu sulɓi gangarawa suke yi. Ana haɗa manya da matsakaita don ƙananan su toshe kafofin da ke tsakanin manyan. Ana jera su hawa biyu ko uku, a kuma shimfiɗa su nesa da ginshiƙi ta kowane gefe. A ƙarƙashinsu ana fara shimfiɗa tsakuwa ko wani ƙyalle mai ƙarfi da aka yi don wannan aiki. Amfanin wannan shimfiɗa shi ne ta bar ruwa ya wuce, ta hana yashi fita, kamar yadda rariya take tace gari. In babu ita, ruwa zai tsotse yashi ta tsakanin duwatsun, su kuma su nutse.

Dabara ta huɗu ita ce kwandunan waya. A inda manyan duwatsu suke da wuyar samu, ana saƙa kwanduna da waya mai kauri, a cika su da matsakaitan duwatsu, a ɗaure su da juna. Karin magana ya ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, domin kwando ba ya riƙe ruwa. A wannan aiki kuwa, rashin riƙe ruwan shi ne amfaninsa. Ruwa yana ratsa kwandon ba ya taruwa a bayansa, duwatsun kuma sun zama dunƙule ɗaya mai nauyi. Idan ƙasa ta ɗan zaizaye a gefe, kwandon yana lanƙwasawa ya bi ta ya rufe wurin. Rauninsa shi ne waya tana yin tsatsa ko ta tsinke, saboda haka yana buƙatar dubawa a kai a kai.

Dabara ta biyar ita ce yi wa kogi jagora. Ana gina ganuwar ƙasa a gefe biyu kafin a iso gada, a lulluɓe ta da duwatsu, don ta shigar da ruwa ƙarƙashin gadar a miƙe. Ana kuma gina gajerun katangu daga gaɓa zuwa cikin kogi, don su kau da igiyar ruwa daga bakin gaɓa. A saman gaɓa ana dasa itatuwa da ciyawa mai dogayen saiwoyi, irin su jema, wadda saiwoyinta suke riƙe ƙasa kamar raga. Sai dai ku sani cewa ciyawa gaɓa take karewa. Ba ta iya kare ginshiƙin da ke tsakiyar kogi.

Akwai kuma wasu ƙananan dabaru. Ana iya ɗaura wa ginshiƙi faffaɗan faifai na ƙarfe ko kankare daidai da ƙasan kogi, don ya tare ruwan da yake nutsawa. Ana iya kafa wasu turaku a gaban ginshiƙi, su fara karya ƙarfin ruwa kafin ya iso.

Dubawa da Kulawa

Babu kariyar da take dawwama in ba a kula da ita ba. Gadar Schoharie tana da duwatsun kariya, amma rashin dubawa ya sa ba su yi amfani ba. Don haka ana duba gada a kan lokaci, musamman bayan kowace babbar ambaliya. Hanya mafi sauƙi ita ce a saki igiya mai nauyi a baki daga kan gada, a auna zurfin ruwa a gindin kowane ginshiƙi, a rubuta, a gwada da awon bara. Ana kuma amfani da na'urar da take aika sauti cikin ruwa, ta auna lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta dawo. Ƙwararrun masu nutso sukan shiga su taɓa tushe da hannunsu. Idan ruwa ya kai alamar haɗari da aka zana a jikin ginshiƙi, hukuma tana iya rufe gadar har sai an tabbatar da lafiyarta.

A Nijeriya, gadojin manyan hanyoyin tarayya suna hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da hukumar gyaran hanyoyi, wato FERMA. Sauran suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Hukumar NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara. Kogin Neja da na Binuwai sun fi cika daga watan Agusta zuwa Oktoba, kamar yadda aka gani a manyan ambaliyoyin 2012 da 2022. Saboda haka rani ne lokacin gyara, tun kafin ruwa ya dawo.

Abin da Ya Rataya a Wuyanku

Injiniya yakan zo ya duba ya tafi, amma mutanen gari kullum suna tare da gadarsu. Su ne za su fara ganin alamun haɗari. Ga alamun da ya kamata ku lura da su: ginshiƙi ya karkata, doron gada ya lotsa a wani wuri, kwalta ta tsage ko ta zurma a inda gada ta haɗu da hanya, turakun da suke binne a da sun fito fili da rani, duwatsun kariya sun watse, itatuwa da shara sun taru a jikin ginshiƙi. In kun ga ɗaya daga cikinsu, ku sanar da malaminku ko shugaban unguwa, don a kai rahoto ga hukuma.

Kada ku zuba shara a kogi. Kada a ɗebi duwatsun kariya don ginin gida, kada kuma a yanke wayar kwanduna. Masu haƙar yashi suna neman abincinsu ne, gine-ginenmu ma suna buƙatar yashi, amma wajibi ne a yi haƙar nesa da gada, a wurin da hukuma ta amince. Idan ruwa ya hau kan gada, ko an rufe ta, kada ku ƙetare, ko a ƙafa ko a mota. Kuɗin tirela kaɗan na duwatsu bai kai kuɗin sabuwar gada ba, rai kuwa ba shi da farashi. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce rigakafi ya fi magani.

Gwaji a Aji

Ku sami dogon faranti mai zurfi, ku cika rabinsa da yashi, ku daidaita samansa. Ku kafa ɗan katako mai faɗi a tsakiya. Ku ɗan ɗaga gefe ɗaya na farantin, ku riƙa zuba ruwa a hankali daga can. Ku lura da inda rami ya fara fitowa. Ku sake gwajin da siririn sanda mai zagaye. A karo na uku, ku jera tsakuwa a kewayen katakon kafin ku zuba ruwa. Ku auna zurfin ramin a kowane karo, ku rubuta abin da kuka gani da Hausa.

Sababbin Kalmomi

Zaizaya: cinyewar ƙasa sannu a hankali saboda ruwa ko iska.
Ginshiƙi: abin da aka tsayar don ya ɗauki nauyin gini.
Turke: sanda mai ƙarfi da ake kafawa a ƙasa. Jam'insa turaku.
Gaɓa: bakin kogi.
Ambaliya: cikar ruwa har ya malala kan tudu.
Igiyar ruwa: ƙarfin gudun ruwa a cikin kogi.
Ƙwaƙule: tono abu daga ciki har wurin ya zama rami.
Indararo: abin da ruwan sama yake bi ya zubo daga rufin ɗaki.
Rariya: abin tace gari ko ruwa.
Lotsa: danna ciki ko yin ƙasa saboda nauyi.

Tambayoyi

1. Ku lissafa sassan gada guda huɗu, ku faɗi aikin kowanne.
2. Ta waɗanne hanyoyi uku ruwa yake ƙwaƙule gindin gada?
3. Idan faɗin ginshiƙi mita 3 ne, kimanin mita nawa zurfin ramin gindinsa zai iya kaiwa a kogi mai yashi?
4. Me ya sa wanda ya duba gada da rani kaɗai zai iya ruɗuwa?
5. Mene ne amfanin tsakuwa ko ƙyallen da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin duwatsun kariya?
6. Wane darasi kuka koya daga gadar Schoharie da ta Kogin Douro?
7. Ku bayyana ma'anar karin maganar nan: tun ran gini ran zane.
8. Ku rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarku, ku bayyana masa halin da wata gada ta yankinku take ciki, da abin da kuke ganin ya kamata a yi.